Yadda Ake Zaɓar Mawashin Aljihu Don Wuƙar Farauta

Wuƙar da aka wasa ta yi kaifi a gida ba lallai ba ne ta kai mafarauci ƙarshen aikinsa a dawa. Gashin naman daji cike yake da ƙura da ɓurɓushin yashi, musamman da rani, lokacin da aka fi fita farauta a ƙasar Hausa, kuma ƙwayar yashi ta fi ƙarfen wuƙa tauri. Duk sa'ad da bakin wuƙa ya ratsa gashi wajen fiɗa, da waɗannan ƙwayoyi yake goguwa, ga kuma ƙashi da guringuntsi da yake cin karo da su wajen raba gaɓoɓi. Saboda haka kafin a gama da dabba guda mai ɗan girma, wuƙar da take aske gashin hannu da asuba sai ta koma tana zamewa a kan fata. Daga nan mutum zai fara sa ƙarfi, kuma sa ƙarfi da dakusasshiyar wuƙa shi ne babban abin da ke jawo yankan hannu da huda fata da fashewar tumbi a kan nama.

Ga mafarauci Musulmi maganar ta wuce sauƙin aiki kawai, domin dabbar da aka tarar da sauran rai wajibi ne a yanka ta, kuma hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Imamu Muslim ya ruwaito ya zo da umarnin Manzon Allah (SAW) cewa a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin da za a yanka. Wanda ya yi nisa da gida ba shi da hanyar cika wannan umarni sai da ɗan mawashin da zai shiga aljihu ko burgami. Matsalar ita ce irinsu sun yi yawa a kasuwa, wasu suna gyara wuƙa, wasu kuma suna cinye ta. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a fara daga wuƙar kanta, a san ƙarfenta da fasalin bakinta, sannan a nemo mata mawashin da ya dace da ita.

Mataki na farko: san taurin ƙarfen wuƙarka

Ba kowane dutse ne yake cin kowane ƙarfe ba. Ana auna taurin ƙarfen wuƙa da ma'aunin Rockwell, wanda ake rubutawa HRC a jikin kwali ko a takardar bayanin wuƙa. Yawancin wuƙaƙen farauta na kamfani suna tsakanin 56 da 60 a wannan ma'auni. Shahararriyar wuƙar nan ta Amurka, Buck 110, da ƙarfen 420HC ake yin ta, taurinta kuma wajen 58 ne, don haka kusan kowane dutse mai kyau yana wasa ta. Akwai kuma wuƙaƙen da ake yi da ƙarafa irin su D2 da S30V, waɗanda a cikinsu akwai ƙananan ƙwayoyi masu tsananin tauri. Suna daɗewa ba su dakushe ba, amma idan suka dakushe dutsen gargajiya yakan yi ta zamewa a kansu ba tare da wani ci gaba ba. Irin waɗannan mawashin daimon ne maganinsu, wato wanda aka manna wa garin dutsen nan mai tsananin tauri.

Wuƙar maƙera, wadda ita ce a hannun mafi yawan mafarautanmu, sau da yawa daga ƙarfen sifirin na mota ake ƙera ta, ko daga tsohon magagari. Ƙarfe ne mai kyau, yana ɗaukar kaifi da sauri, sai dai taurinsa ya dogara ne da yadda maƙeri ya ƙona shi ya kuma tsoma shi, shi ya sa za a samu wuƙa biyu daga maƙera guda amma ɗaya ta fi ɗaya tauri. Tunda babu lamba a jikinta, sai a gwada ta da magagari. Ka ɗauki sabon magagari mai ƙananan haƙora ka goga shi a hankali kusa da baki, wajen gindin wuƙar inda tabo ba zai dame ka ba. Idan ya kama ƙarfen yana fitar da gari cikin sauƙi, wuƙar mai taushi ce, dutse mai araha ya ishe ta. Idan ya kama da ƙyar, matsakaiciya ce. Idan kuwa ya zame yana ƙara ba tare da ya bar wani tabo sosai ba, taurinta ya kusanci na magagarin, kuma za ka buƙaci mawashi mai ci sosai.

Wannan gwaji na minti ɗaya yana hana asara iri biyu: sayen mawashi mai tsada don wuƙar da ba ta buƙatarsa, da kuma sayen mai araha don wuƙar da ta fi ƙarfinsa.

Mataki na biyu: dubi fasalin bakin

Ka riƙe wuƙar a wurin da haske yake sosai, ka dube ta daga gefe, sannan ka dube ta daga tsini. Mafi yawan wuƙaƙen kamfani suna da ɗan siririn layi mai sheƙi a bakinsu, faɗinsa bai wuce milimita 1 ko 2 ba, kuma shi kaɗai ake wasawa. Irin wannan baki yana karɓar kowane shimfiɗaɗɗen mawashi. Wuƙaƙen Morakniv, waɗanda ake yi a garin Mora na ƙasar Suwidin, fasalinsu daban ne: gangaren bakin yana da faɗi, kuma a miƙe yake har zuwa kaifi. Wasa su yana da sauƙi ga mai koyo, domin gangaren kawai za a kwantar a kan dutse, shi ne zai nuna kusurwa da kansa, amma sharaɗinsa shi ne mawashin ya kasance shimfiɗaɗɗe sarai. Sanda mai zagaye ko abin ja mai tsaga zai ɓata wannan fasali.

Kashi na uku shi ne baki mai ɗan tudu, wanda gefensa yake lanƙwasowa a hankali har ya haɗu a kaifi. Haka wuƙar Fallkniven F1 take, kuma haka mafi yawan wuƙaƙen maƙera suke komawa bayan shekaru ana wasa su da hannu a kan dutse. Baki ne mai juriya, ba ya saurin tsagewa a kan ƙashi. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne wuri mai ɗan taushi, wato sanfefa da aka shimfiɗa a kan fata mai kauri, ana jan wuƙar da baya.

Sai kuma a lura da abubuwa biyu. Wuƙar fiɗa tana da ciki mai lanƙwasa sosai, kuma wannan lanƙwasar ita ce take yin mafi yawan aiki, don haka mawashin da bai ba hannu damar bin ta ba bai yi ba. Wasu wuƙaƙen kuma suna da ƙugiya a bayansu don farke ciki, ko haƙora irin na zarto kusa da ƙota. Shimfiɗaɗɗen dutse ba ya shiga waɗannan wurare, sai siririyar sanda mai tsini ta daimon ko ta tangaran, wato dutsen da ake gasawa a masana'anta. Idan wuƙarka ba ta da ƙugiya ko haƙora, kada ka ƙara wa kanka kaya saboda su.

Mataki na uku: tantance aikin da kake so ya yi

Washi hawa uku ne, kuma rashin bambance su shi ne yake sa mutane sayen abin da bai dace ba. Hawa na farko gyara ne, wato cire giɓi, ko dawo da tsinin da ya karye, ko sake fasalin baki gaba ɗaya. Na biyu shi ne wasa wuƙar da ta dakushe amma ba ta yi giɓi ba. Na uku shi ne farfaɗo da kaifin da ya fara sanyi a tsakiyar aiki. A dawa, na uku ne ake yawan buƙata, na biyu jefi-jefi, na farko kuwa aikin gida ne, inda akwai babban dutse da ruwa da natsuwa.

Ana nuna kaushin mawashi da lamba, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar gwargwadon kaushinsa. Daga 200 zuwa 400 na gyara ne, yana cin ƙarfe da sauri. Daga 600 zuwa 1000 na wasawa ne. Abin da ya haura haka na gogewa ne da ƙarasa kaifi. Ma'aunin Japan da na Turai da na Amurka ba su zo daidai da juna ba, don haka lambar jagora ce kawai, bai kamata a kwatanta ta kai tsaye tsakanin kamfanoni ba. A ganina, idan lamba ɗaya tak mafarauci zai ɗauka, to ya ɗauki wajen 600. Kaifin da take bayarwa yana da ɗan ƙananan haƙora da ido ba ya gani, kuma su ne suke kama fata da jijiya. Kaifin da aka goge har ya yi sulɓi kamar na aska yana da kyau wajen sassaƙa itace, amma a kan jiƙaƙƙiyar fata mai gashi ba ya daɗewa yake fara zamewa.

Mataki na huɗu: auna ire-iren mawasan da ke akwai

Farantin daimon shi ne wanda ya fi dacewa da tafiya. Faranti ne na ƙarfe da aka manna wa garin daimon na masana'anta, kuma tunda babu abin da ya kai daimon tauri a cikin kayan washi, yana cin kowane irin ƙarfen wuƙa. Ba ya buƙatar mai, ana iya aiki da shi a bushe ko da ɗan digon ruwa, ba ya fashewa idan ya faɗi, ba ya kuma yin kwari a tsakiya yadda dutse yake yi. Kamfanin DMT na Amurka yana yin wani mai suna Diafold, wanda hannayensa biyu suke naɗewa su rufe farantin, kuma yana bambanta kaushi da launi: shuɗi 325 ne, ja 600, kore 1200. Mai fuska biyu, shuɗi da ja, ya wadatar da mafi yawan buƙatu. Aibin daimon shi ne yana cin ƙarfe fiye da yadda mai koyo yake zato, kuma danna wuƙa da ƙarfi yana tumɓuke ƙwayoyin daga farantin. Nauyin hannu kaɗan ya isa.

Tangaran, wato irin farin ko ruwan ƙasan dutsen da ake gasawa a masana'anta, ba ya cin ƙarfe da yawa, amma babu kamarsa wajen farfaɗo da kaifi da ƙarasa shi. Yana zuwa a shimfiɗe ko a matsayin sanda. Rauninsa shi ne fashewa idan ya faɗi a kan dutse, kuma shi kaɗai ba zai tayar da wuƙar da ta dakushe ƙwarai ba sai an ɓata lokaci mai tsawo. Wannan ne ya sa haɗa shi da daimon a jiki guda ya zama dabara mai kyau. Fallkniven DC4 misali ne: tsawonsa santimita 10, faɗinsa ya ɗan haura santimita 3, fuska ɗaya daimon ɗaya tangaran, yana kuma zuwa a cikin ɗan kube na fata. Da za a ce in zaɓar wa mai wuƙa ɗaya mawashi ɗaya ba tare da na ga wuƙar ba, irin wannan haɗin zan zaɓa, ko na wane kamfani ne, muddin aikinsa mai inganci ne.

Dutsen nan mai ruwan toka mai fuska biyu, wanda ake samu a shagunan kayan gini da na kafintoci a kusan kowace babbar kasuwa, bai kamata a raina shi ba. Yana da araha, yana cin ƙarfen maƙera da kyau, kuma akwai ƙananansa da suke shiga aljihu. Sai dai yana shan ruwa ko mai, yana yin kwari da amfani, kuma fuskarsa mai laushi ma takan yi ɗan kaushi, don haka yana buƙatar a bi bayansa da fata. Duwatsun halitta kuma suna nan, tun daga wanda ake tsinta a bakin rafi har zuwa dutsen Arkansas da ake haƙowa a tsaunukan Ouachita na Amurka. Suna ba da kaifi mai daɗi a kan ƙarfe mai matsakaicin tauri, amma suna da jinkiri, kuma ba sa iya wa ƙarafan zamani masu tauri. Duwatsun ruwa na Japan, duk da kyawunsu, ba kayan daji ba ne, domin da yawansu sai an jiƙa su kafin aiki, kuma suna da saurin fashewa.

Akwai wani iri da nake gargaɗi a kansa da gaske, wato ɗan abin jan nan na roba mai tsaga, wanda aka sa wa guntaye biyu na kabaid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, a gicciye. Yana jan hankalin masu saye saboda araha da sauƙi: a sa wuƙa a tsagar a ja sau uku ko huɗu, sai a ji ta yi kaifi. Abin da yake faruwa a zahiri shi ne kankare ƙarfe yake yi kamar yadda ake kankare ɓawon rogo, har ana iya ganin siraran ɓawon ƙarfen suna zuba. Kaifin da yake bari mai rauni ne, ba ya daɗewa, kusurwarsa kuma a kafe take ko ta dace da wuƙarka ko ba ta dace ba. Da yawan amfani yakan ci gindin baki ya yi masa kwari, kuma a kan ƙarfe mai tauri yana iya jawo ƙananan giɓi. Idan abin yana da tsaga ta biyu ta tangaran, wannan ba ta da irin wannan illar, ana iya amfani da ita a hankali. Amma wuƙar da mutum yake ƙauna, ko wadda ya gada, bai dace ta shiga tsagar kabaid ba.

Sandar ƙarfe irin ta mahauta ba wasawa take yi ba, miƙar da bakin da ya lanƙwashe take yi. Tana da amfani a kan wuƙa mai taushi, kuma wannan ne dalilin da ya sa mahauci yake yawan komawa gare ta a tsakiyar aiki, amma a kan wuƙa mai tauri amfaninta kaɗan ne, ga ta da tsawo da nauyi. Magagari kuwa na adda ne da gatari da barandami. Wanda yake fita da adda ya sa ɗan ƙaramin magagari a jakarsa, kada ya ƙarar da farantin daimon a kanta.

Na ƙarshe ita ce fata, wadda ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Guntun fata mai kauri da aka jeme, tsawon taƙi guda, wanda aka manna a kan ɗan katako, yana ƙarasa kaifi fiye da yadda ake tsammani, musamman idan an shafa masa ɗan koren sinadarin goge ƙarfe. Kowane baduku zai iya yanka maka irinsa. Ko bayan bel ɗin fata na gaske yana yin aikin idan an miƙe shi da kyau.

Mataki na biyar: yanke shawara a kan kusurwa

Wuƙar farauta tana son kusurwa tsakanin digiri 20 zuwa 25 a kowane gefe. Ƙasa da haka kaifin yana ƙaruwa amma yana saurin lanƙwashewa ko tsagewa a kan ƙashi, sama da haka kuma yana juriya amma fiɗa tana yin wuya. Adda da wuƙar sara suna son 25 zuwa 30. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce ko hannunka yana iya riƙe kusurwa ɗaya daga farkon ja zuwa ƙarshensa, domin daidaiton ya fi ainihin lambar muhimmanci.

Akwai hanya mai sauƙi ta gano kusurwar da ido. Ka tsayar da wuƙa a tsaye a kan mawashi, wannan digiri 90 ke nan. Ka karkatar da ita rabi, ka sami 45. Ka sake rabawa, ka sami 22 da rabi, wanda ya faɗa daidai cikin abin da ake nema. Ta wata hanyar kuma, idan faɗin ruwan wuƙarka santimita 3 ne, ɗaga bayanta wajen santimita 1 daga kan dutse yana ba da kusan digiri 20.

Wanda hannunsa bai saba ba, gara ya nemi mawashi mai jagora. Work Sharp Guided Field Sharpener yana da ɗan gangare na digiri 20 a ƙarshen farantansa na daimon, inda ake jingina wuƙa kafin a fara ja, yana kuma ɗauke da sandar tangaran da fata a jiki guda. Ya fi DC4 girma da nauyi, amma yana koyar da hannu. Na'urorin da ake ɗaure wuƙa a cikinsu, irin na Lansky mai ramukan digiri 17 da 20 da 25 da 30, suna ba da daidaito sosai, sai dai sassansu suna da yawa kuma haɗa su yana ɗaukar lokaci, don haka wurinsu gida ne.

Mataki na shida: girma, riƙo da yanayin wuri

Mawashin da tsawonsa bai kai santimita 8 ba yana da wuyar aiki da wuƙa mai tsawo, kuma yana kusantar da yatsu ga kaifi. Tsakanin santimita 10 zuwa 12 shi ne madaidaici. Ka duba yadda za ka riƙe shi da hannun da ya jiƙe da jini ko kitse, domin a wannan hali ne za ka yi amfani da shi. Mai ƙota ko mai hannu mai naɗewa ya fi aminci. Idan kuwa fallen dutse ne, ka koyi riƙe shi ta gefuna da yatsun da suke ƙasa da fuskarsa, ko ka ɗora shi a kan gungume.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Dutsen da yake buƙatar mai yana tara ƙurar hunturu ya zama taɓo a cikin jaka, kuma da zarar dutse ya sha mai ba ya ƙara karɓar ruwa da kyau. Man gyaɗa da manja ba su dace da shi ba, domin suna daskarewa su toshe ramukansa. Wasu suna amfani da kananzir, amma wuƙar da za ta taɓa nama sai an wanke ta sosai bayan haka, ruwa kuma abu ne mai daraja a dajin rani. Duk wannan yana ƙara rinjayar da zaɓi zuwa ga daimon da tangaran, waɗanda suke aiki a bushe.

Mataki na bakwai: binciki kayan kafin ka biya

Ka tafi kasuwa da wuƙar da za ka yi gwaji da ita idan hali ya yi, a cikin kubenta kuma a naɗe. Ka ɗora rula a kan fuskar mawashin ka ɗaga shi wajen haske. Idan haske yana ratsawa ta ƙarƙashi, ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Ka shafa yatsa a kan farantin daimon ka ji ko kaushinsa iri ɗaya ne ko'ina, ba tare da wuraren da suka yi santsi ko manyan ƙwayoyin da suka yi fice ba. Ka duba gefuna, domin a faranti marar inganci daga nan rufin yake fara ɓarewa. A tangaran ka nemi tsaga ko ɓalli, a dutse kuma ka kankara da farce, idan yana zubar da gari da sauƙi ba zai yi ƙarko ba. Jabun kaya masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni suna yawo sosai, musamman a intanet, kuma babbar alamarsu ita ce farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran masu sayarwa. Dutse mai araha na gaskiya ya fi daimon na jabu amfani.

Mataki na takwas: gwada shi a gida kafin ranar fita

Kada karo na farko da za ka yi aiki da sabon mawashi ya zama a gefen dabba da almuru. Ka fara da wata tsohuwar wuƙar kicin, musamman idan daimon ne, domin sabon faranti yana da kaushi fiye da lambarsa har sai ya ɗan gogu. Bayan haka sai ka koma kan wuƙar farautar.

Ka wanke ta ka share, domin kitse yana toshe kowane irin mawashi. Ka shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a kan layin bakin ta gefe biyu. Ka yi ja biyu ko uku a hankali, daga gindi zuwa tsini, kana ɗan ɗaga ƙota idan ka iso lanƙwasar ciki don kusurwar ta dawwama, sannan ka duba. Idan tawadar ta goge a saman layin kawai, ka kwantar da wuƙar da yawa, ba ka kai ga kaifi ba. Idan ta goge a can bakin kawai, ka ɗaga ta da yawa. Idan ta goge gaba ɗaya, ka sami kusurwar.

Daga nan ka ci gaba a gefe ɗaya har sai wani ɗan siririn leɓen ƙarfe ya fito a ɗaya gefen, tun daga gindi har tsini. Ana jin sa ne ta hanyar shafa yatsa daga bayan wuƙa zuwa bakinta ya wuce, ba a taɓa jan yatsa a kan tsawon kaifi. Fitowar wannan leɓe ita ce shaidar cewa washin ya kai bakin ƙarshe, kuma wanda ya juya wuƙa kafin ya fito ya yi aikin rabi ne. Ka juya ka yi wa ɗaya gefen daidai da haka, sannan ka koma fuska mai laushi kana musanya gefe bayan kowane ja, kana rage nauyin hannu har ya zama nauyin wuƙar kaɗai. A ƙarshe ka ja ta a kan fata da baya, wato bayanta yana gaba kaifi yana biye, kamar sau goma kowane gefe, don a cire ragowar leɓen. Idan aka bar shi, wuƙar za ta yi kamar mai kaifi a yanka na farko, sannan ya kwanta ta koma dakusasshiya nan take.

Ka gwada ta a kan takardar jarida. Ya kamata ta ratsa a hankali ba tare da yaga ba, kuma duk inda ta tsaya, nan ne sauran aiki yake. Idan wuƙar da ba ta da giɓi ta ɗauke ka fiye da minti goma ba tare da leɓen ya fito ba alhali tawada ta nuna kusurwarka daidai ce, to mawashin ya yi wa ƙarfen laushi, sai a nemi mai ci fiye da shi.

A dawa kuma, ba a jira wuƙa ta mutu kafin a taɓa ta. Da zarar ka ji ta fara neman ƙarin ƙarfi, ka share ta, ka yi ja biyar ko shida kowane gefe a kan tangaran ko a kan mawashi mai lamba 600, ka bi da fata, ka koma aiki. Ka riƙa yanka fata daga ciki zuwa waje don baki ya guji gashi, ka bi mahaɗar gaɓoɓi maimakon sara ƙashi, wannan zai rage yawan komawa ga mawashi. Bayan dawowa gida, ka wanke farantin daimon da ruwa da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ka busar da shi sarai kafin ka rufe, domin tsatsa tana iya kama shi. Baƙin layin da ƙarfe yake bari a kan tangaran yana fita da toka da ɗan ruwa. Dutsen da ya fara kwari kuma a goga fuskarsa a kan sanfefa mai kaushi da aka shimfiɗa a kan gilashi, har sai rula ta zauna a kansa ba tare da haske ya ratsa ba.